Kirim ɗin furosesa: dole ne, ko ana iya ɗora ƙarfen sanyaya haka nan?

Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfutar tebur da hannunsa, ko ya kwance ta don ya kakkaɓe ƙura, ya san wurin da ake ɗan yin turus. Furosesa, wato ɓangaren da ke yi wa kwamfuta lissafi, ta zauna a soket ɗinta, wato mazauninta, ƙarfen sanyaya da fankarsa suna gefe suna jira, sai a tuna babu kirim ɗin nan mai ruwan toka da masu gyara ke kira tamal fes. Sai tambaya ta taso: a ɗora ƙarfen haka nan a ɗaure, ko sai an nemo kirim ɗin tukuna?

Sai an nemo shi. A kowace kwamfutar tebur ko laftof ta wannan zamani, dole ne a sami wani abu tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye mata zafi. Amma dalilin da ya sa ya zama dole ya sha bamban da abin da yawancin mutane ke zato, kuma rashin sanin dalilin ne ke sa wani ya ƙi sawa gaba ɗaya, wani kuma ya matse rabin sirinji a kan murfin furosesa yana ganin ya kyauta mata.

Masu cewa ba dole ba ne suna da hujja, kuma ba ƙarya suke yi ba. Za ka ji mutum ya ce, "Ni fa na kunna ta haka, kuma ta tashi lafiya lau." Gaskiya ne, za ta tashi. Furosesar da ke zaune ba ta aikin komai 'yan wat kaɗan take ci, kuma ƙarfen da aka matse a kanta zai iya janye wannan ɗan zafin ko da babu kirim. Matsalar ba ta nuna kanta sai an ɗora mata kaya, kamar a buɗe wasa mai nauyi ko a sa ta haɗa bidiyo. Akwai kuma waɗanda suka fara hulɗa da kwamfuta tun da daɗewa, lokacin da furosesa irin su 8086 ta kamfanin Intel, wadda ta fito a 1978, ke aiki tsirara ba ƙarfe ba fanka. Ko Pentium ta farko a 1993 wajen wat 15 take ci. Yau Core i9-13900K tana iya kaiwa wat 253 idan aiki ya yi tsanani, Ryzen 9 7950X ta AMD kuma tana kaiwa wat 230. Kusan duk wutar da furosesa ta ci zafi take komawa, kuma wannan zafin yana fitowa ne daga guntun silikon da ke cikinta, wanda bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Abin da ya yi wa na'urar jiya daidai ba zai yi wa ta yau ba.

Abin da ido ba ya gani

Idan ka ɗauki furosesa ka dubi murfinta, sumul yake. Idan ka juya ƙarfen sanyaya ka dubi gindinsa, wani har fuskarka za ka gani a ciki. Hankali zai ba ka cewa idan aka haɗa waɗannan biyun za su manne da juna ɗaram. A ƙarƙashin madubin ƙara girma labarin daban yake. Kowace fuska cike take da tuddai da kwaruruka, da layukan da injin yanka ya bari. Idan aka haɗa su, kawunan tuddan ne kawai ke taɓa juna, kuma wannan ɗan kaso kaɗan ne na faɗin wurin. Ban da haka, ba a cika samun murfin da yake a miƙe ɗoɗar ba: wani ya ɗan lotsa a tsakiya, wani ya ɗan yi tozo. Wasu masu ƙera ƙarfen sanyaya ma da gangan suke ɗan tasar da tsakiyar gindinsa don ya fi danna tsakiyar murfi. Akwai kuma irin wanda bututun jan ƙarfe ne ke taɓa furosesa kai tsaye, an daddaɓe su an jera. Shi ko da ido za ka ga siraran ramuka tsakanin bututu da bututu.

Duk inda ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba, iska ce a wurin. Ita kuwa iskar da ke tsare a wuri guda tana cikin abubuwan da suka fi hana zafi wucewa. Shi ya sa bargo ke ɗumama mutum: iskar da ke maƙale a cikin gashinsa ce ke riƙe zafin jiki. To ka ga kuwa ba abin da kake so ka shimfiɗa tsakanin furosesa da abin da zai sanyaya ta ba ne.

Masana kimiyya suna da ma'aunin yadda abu ke bari zafi ya ratsa shi, kuma alƙaluman sun isa su yi bayani. Jan ƙarfe yana wajen 400. Alminiyam ya ɗan haura 200. Kirim ɗin furosesa na yau da kullum yana tsakanin 1 da 10 ne, gwargwadon irinsa. Iska kuwa 0.026. A nan ne abin mamakin yake: kirim ɗin da ake ta yabo ko kusa bai kama ƙafar ƙarfe ba wajen isar da zafi. Idan muka ɗauki kirim mai 5, jan ƙarfe ya ninka shi sau tamanin. Amma shi ma ya ninka iska kusan sau ɗari biyu. Aikinsa ke nan: ya kori iska daga kwarurukan ya zauna a madadinta. Da za a sami fuskoki biyu da suka haɗu ba ko ƙofar allura a tsakaninsu, da sa kirim ɓata aiki zai yi.

Bari mu ɗan yi lissafi, don magana ta fita daga zato. A ɗauka furosesa tana fitar da zafin wat 100, faɗin wurin da take haɗuwa da ƙarfe santimita 3 ne ta kowane gefe, kuma tazarar da ke tsakaninsu milimita 0.02 ce, wato ba ta kai kaurin gashin kai ba. Idan iska ce zalla a cikin tazarar, bambancin zafi tsakanin murfi da gindin ƙarfe zai kai wajen digiri 85 a ma'aunin salshiyos. Ma'ana, ƙarfen yana nan da ɗan ɗuminsa a digiri 35, murfin furosesa kuwa lissafi ya kai shi 120. Idan aka cike wannan tazarar da kirim mai 5, bambancin ba zai kai rabin digiri ba. A zahiri abin bai kai haka muni ba idan babu kirim, tunda kawunan tuddan nan suna taɓa juna suna ɗauke wani ɓangare na zafin, kuma bai kai haka kyau ba idan akwai shi, tunda zafin ya fi taruwa a tsakiyar murfi, saitin inda silikon yake. Amma girman bambancin ya fito fili.

Yanzu a sake lissafin da kirim ɗin nan dai, amma a ce ya yi kaurin milimita 1. Bambancin ya koma digiri 22. An gudu ba a tsira ba. Wannan shi ne abin da ya kamata mai haɗa kwamfuta ya riƙe a ransa fiye da sunan kowane kamfani: ana son kirim ya game ko'ina, kuma ya yi siranta iya yadda zai yiwu.

Hanyar da zafi ke bi

Ƙarfen da kake gani a saman furosesar kwamfutar tebur ba ita ce furosesar ba. Murfi ne na jan ƙarfe da aka yi wa rufin nikel, yana kare silikon ɗin da ke ciki daga karyewa, yana kuma baza zafinsa ya ƙara faɗi. Zafi yana tashi daga silikon ya shiga murfi, daga murfi ya shiga gindin ƙarfen sanyaya, bututun da ke da ɗan ruwa a ciki su kwashe shi zuwa siraran faranta, fanka ta hura shi waje. Kowace gaɓa a wannan tafiyar wuri ne da zafi zai iya maƙalewa, kuma idan ya maƙale a gaɓa ɗaya, girman fanka ko tsadar ƙarfe ba za su amfana komai ba. Har da masu sanyaya da ruwa: su ma farantin jan ƙarfe ne ke zama a kan murfin, kuma shi ma yana buƙatar kirim kamar kowa.

Su kansu kamfanonin ba su bar gaɓar da ke cikin murfi haka nan ba. Tsakanin silikon da murfi suna sa ko dai narkakken ƙarfen indiyam da ke like su, ko kirim. A 2012, lokacin da Intel ya fitar da zubi na uku na Core, wanda ake kira Ivy Bridge, ya bar likin indiyam ya koma kirim a furosesocin tebur na gama-gari. Masu son matsa wa na'ura ta yi gudu fiye da ƙa'ida suka ga zafi ya ƙaru, har wasu suka riƙa ɓanɓare murfin da reza ko wata 'yar na'ura, su goge kirim ɗin kamfani su sa nasu. Sai a 2018, da zubi na tara irin su Core i9-9900K, kamfanin ya dawo da liki a manyan furosesocinsa. Idan har abin da ke cikin wannan 'yar gaɓar ya jawo ce-ce-ku-ce na shekaru, to barin gaɓar waje da iska zalla ba ƙaramin sakaci ba ne.

Me zai faru idan an ƙi sawa?

Furosesar zamani ba za ta kama da wuta ba, kuma wannan ne ya sa kuskuren ke daɗewa ba a gane shi ba. A cikinta akwai ma'aunan zafi, kuma kowace tana da iyaka: digiri 100 a yawancin na Intel, digiri 95 a yawancin jerin Ryzen 7000. Idan ta kusa iyakar sai ta rage gudunta da kanta, ta rage wutar da take ci. Idan hakan bai wadatar ba, sai ta kashe kwamfutar ɗungurungum. Da can ba haka abin yake ba. A farkon shekarun 2000, furosesocin Athlon na AMD ba su da irin wannan kariyar a jikinsu, kuma idan ƙarfen sanyaya ya zame daga kansu suna aiki, cikin daƙiƙu suke ƙonewa. Pentium 4, wadda ta fito a 2000, ta zo da dabarar rage gudu idan zafi ya yi yawa, daga baya abin ya zama ruwan dare.

Don haka abin da mutum zai gani shi ne fanka tana ta kuka kamar za ta tashi sama, wasa yana tafiya yana tsayawa, aikin da ya kamata ya ɗauki minti goma yana cin ashirin, wani lokaci allo ya ɗauke ba sallama. Alamar da ta fi tona asiri ita ce wannan: manhaja tana nuna furosesa ta kai digiri casa'in da wani abu, amma idan ka taɓa farantan ƙarfen sanyaya sai ka ji su da sanyi-sanyi. Zafin yana nan, hanyar fita ce babu. Kuma tun kafin a kai iyaka ake fara asara, domin furosesocin yanzu suna ƙara gudu ne gwargwadon sanyin da suka samu. Ka biya kuɗin mai gudu, kana amfani da mai rarrafe. Zama cikin zafi mai yawa na tsawon lokaci kuma yana rage wa kayan lantarki kwana, ko da bai kashe su nan take ba.

Sai dai a yi hattara da saurin yanke hukunci. An ƙera Ryzen 7000 ne yadda za ta riƙa ƙara gudu har ta taɓa digiri 95 idan aiki ya yi nauyi, kuma AMD ya ce hakan ba aibi ba ne. Ganin 95 kaɗai bai isa a ce kirim ne ya gaza ba. Sai a duba ko gudun yana faɗuwa ƙasa da abin da aka rubuta mata, a kuma duba zafinta lokacin da ba ta aikin komai. Manhajoji irin su HWiNFO da Core Temp suna nuna duka biyun.

Lokacin da ba sai ka saya ba

Sau da yawa kirim ɗin yana nan, mutum ne bai lura ba. Ƙarfen sanyayar da ke zuwa cikin kwali ɗaya da furosesa, na Intel ko Wraith na AMD, yana zuwa da kirim an riga an shafa a gindinsa. Za ka ga murabba'i ko da'ira mai ruwan toka, wani lokaci layuka uku. Wannan ya wadatar. Kada a goge shi, kada a taɓa shi da yatsa, kada kuma a ƙara wani a kansa. Haka ma yawancin na'urorin sanyaya da ruwa da ake saya a haɗe.

Waɗanda ba su zo da shi a shafe ba, galibi suna zuwa da 'yar sirinji ko ƙaramin ƙunshi a cikin kwali, gindinsu kuma an manna masa siririyar leda don kada ya karce. Wannan ledar ta sha kunyata mutane, har da waɗanda suka daɗe a sana'ar. Garai-garai take, ta manne lif da ƙarfen, da ɗan rubutu ja ko shuɗi da ke cewa a cire kafin a ɗaura. Mutum yana cikin ɗokin sabon kaya, ya sa kirim ɗinsa daidai, ya ɗaure sukurori, ya kunna, sai zafi ya tashi kamar ba a sa komai ba. Idan sabon haɗi ya yi zafin da ba a gane kansa ba, ita ce abin farko da za a tuhuma.

Akwai kuma abubuwan da ke maye gurbin kirim ɗin, kuma suna yin aikin. Akwai siririn fallen girafait, dangin baƙin da ke cikin fensir, da ake shimfiɗawa a kan murfi. Ba ya bushewa, ana iya cire shi a mayar, sai dai yana ɗaukar wutar lantarki, don haka ba a bari ya zarce ya taɓa wani abu. Akwai wanda ke zuwa a daskare kamar takarda, ya yi laushi idan ya ji zafi ya cike ramuka, irin su PTM7950 na kamfanin Honeywell, wanda ke fara narkewa a wajen digiri 45. Sannan akwai ruwan ƙarfe, haɗin da ake yi da galiyam, ƙarfen da ke narkewa a ƙasa da digiri 30. Shi ne ya fi kowanne isar da zafi, kuma shi Sony ya sa a PlayStation 5 da ta fito a 2020, amma da shingen da aka ƙera musamman don kada ya tsiyaye. A ganina wanda ke tambayar ko kirim dole ne bai kai lokacin taɓa ruwan ƙarfe ba. Ɗigo ɗaya idan ya faɗa kan madabod, wato babban faifan da furosesa da sauran kaya ke zaune a kai, zai iya haɗa wuta ya kashe ta, kuma galiyam yana cin alminiyam har ya rududduge.

Katifun roba masu laushi da ake gani a kan ƙwaƙwalwar katin hoto (katin da ke sarrafa hotunan da ke fitowa a allo) da kayan daidaita wuta wani abu ne daban. An yi su ne don su cike tazara mai faɗi, daga rabin milimita zuwa biyu ko uku. Ba a sa su a kan furosesa, saboda lissafin kauri da muka yi a baya. Ba a kuma cire su a sa kirim a wurinsu, domin kirim ba zai cike wannan tazarar ba, sai a bar kayan ba sa taɓa ƙarfe sam.

Ƙananan na'urori marasa cin wuta, kamar Raspberry Pi, suna iya yin aiki mara nauyi ba tare da ƙarfen sanyaya ba ma. Wannan ba ya cikin maganarmu.

Yawansa da yadda ake sa shi

A nan ne aka fi gardama, kuma gardamar ta fi abin da ake gardama a kai girma. Wani ya ce ɗigo a tsakiya, wani ya ce layi, wani ya ce alamar X, wani ya ce sai an baza shi da kati. Idan kirim ɗin ya game wurin da silikon yake, bambancin da ke tsakanin waɗannan hanyoyin kaɗan ne ƙwarai. Ga furosesa mai murabba'in murfi, kamar na soket ɗin AM4 na AMD, ɗigo ɗaya a tsakiya mai faɗin milimita 4 zuwa 5 ya isa, matsin ƙarfe zai baza shi. Na soket ɗin LGA1700, wanda Intel ya kawo a 2021, doguwa ce, don haka ɗigo ɗaya yakan bar sama da ƙasa a bushe. Gara ɗan layi a tsaye, ko ɗigo a tsakiya da ƙanana huɗu a kusa da kusurwoyi. Manya irin Threadripper na AMD, masu silikon da yawa a baje ƙarƙashin murfi ɗaya, suna son ɗigo-ɗigo da yawa ko a baza shi. A laftof da katin hoto babu murfi, ƙarfe kan silikon yake zama kai tsaye, saboda haka dole kowace kusurwa ta samu, don duk inda aka bari a bushe nan zafi zai taru.

To idan an zuba da yawa fa, ba kaurin nan ba ne zai dawo? Ba lallai ba. Abin da ke yanke kaurin kirim shi ne ƙarfin matsi da laushin kirim ɗin. Idan an ɗaure da kyau, rarar za ta tsartu ta gefe. Ɓarna ce da ƙazanta, musamman a Ryzen na soket ɗin AM5, da murfinsu ke da yanke-yanke a gefe inda kirim ke shiga ya maƙale, amma yawancin kirim na yau ba sa ɗaukar wuta, don haka ba a cika samun illa ba. Tsakanin ya ɗan yi yawa da ya gaza, gara ya ɗan yi yawa. Kauri mai cutarwa yana zuwa ne daga sukurorin da ba a ɗaure sosai ba, ko ƙarfen da ya zauna a karkace, ko tsohon kirim da ya yi tauri ya ƙi bazuwa.

Shi ya sa nake ganin ɗauri ya fi zanen kirim muhimmanci. A sauke ƙarfen a miƙe, kada a ɗaga shi don a leƙa. A kama kowane sukuru kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, zagaye bayan zagaye, har su tsaya da kansu. Wanda ya ɗaure gefe ɗaya tam kafin ya taɓa ɗayan ya tura kirim ɗin duka gefe guda. Na Intel mai turaku huɗu na roba kuwa, sai an ji kowanne ya yi ƙas, a kuma juya madabod a tabbatar duk huɗun sun ɓullo ta baya. Turke ɗaya da bai shiga ba ya isa ya ɗaga zafi fiye da duk wani bambancin da ke tsakanin kirim mai araha da mai tsada.

Wanda ke son ya san ko ya iya, akwai hanya mai sauƙi. Ya ɗaura, ya kwance, ya karanta tambarin da kirim ya bari. Idan haɗuwa ta yi kyau, tsakiyar murfi za ta yi shara-shara har ana iya hango rubutun da ke jikinsa, da wasu siraran jijiyoyi kamar rassa da kirim ya yi lokacin da aka raba su, gefe kuma ya ɗan taru. Idan gefe ɗaya ya yi kauri ɗayan ya yi fayau, ɗauri ne ya karkace. Idan kusurwoyi suna ƙyalli ba abin da ya taɓa su, kirim ya yi kaɗan. Bayan wannan gwajin sai a goge a sa sabo, domin da zarar an ɗaga ƙarfe, iska ta shiga, mayar da shi haka nan kulle ta ne a ciki.

Gogewa ba ta da wuya: sinadarin isofurofil mai ƙarfi, dangin sifirit, da ƙyalle mara barin zare. A goge murfi da gindin ƙarfe har su yi tas, a bari su bushe. Ga masu AM4 akwai wani tarko. Ƙafafun furosesar a jikinta suke, kuma riƙon soket ɗin bai kai ƙarfin tsohon kirim da ya bushe ba. Idan aka fizgi ƙarfen sama kai tsaye, sai ya taho da furosesar manne a gindinsa, ƙafafu su lanƙwashe. A kunna kwamfutar ta ɗan yi aiki kirim ya yi laushi, a kashe, a cire wuta, sannan a murɗa ƙarfen hagu da dama a hankali kafin a ɗaga.

Wane iri, kuma me ba a sawa

Yawancin kirim ɗin haɗi ne na wani mai, galibi na silikon mai kama da roba (ba irin silikon ɗin da ke cikin furosesa ba), da garin abin da ke isar da zafi: zink oksaid, alminiyam oksaid, garin alminiyam, wani lokaci azurfa ko garin lu'u-lu'u. Sanannu irin su MX-4 na Arctic, NT-H1 na Noctua da Kryonaut na Thermal Grizzly duk suna aiki, kuma abin da ke raba su a kwamfutar yau da kullum bai wuce 'yan digiri ba. Lambar isar da zafi da ake bugawa a jikin kwali ba abin dogaro ba ce sosai, domin kowane kamfani da yadda yake aunawa, wasu kuma ƙari suke yi. Noctua ba ya ma rubuta ta. Tazarar da ke tsakanin babu kirim da kowane kirim na kirki ita ce babba. Daga nan zuwa sama, ƙananan riba ce.

A kula da abin da ake kira gam ɗin zafi. Yana kama da kirim a sirinji, amma shi mannewa yake yi ya daskare, an yi shi ne don ƙananan ƙarafa da ba su da abin ɗaurewa. Wanda ya sa shi a furosesa ya aurar da ita ga ƙarfen, ba saki.

Man goge baki kuwa, da sauran dabarun da ake yaɗawa, gaskiyarsu ita ce suna ɗan aiki na ɗan lokaci, kuma dalilin shi ne wanda muka faɗa: duk abin da ya kori iska ya fi iska. Amma ruwa ne a cikin man goge baki. Zafi zai busar da shi cikin ɗan lokaci, ya zama gari mai tsattsagewa, iska ta dawo, ga kuma sinadaran da ba a yi su don zama a kan ƙarfe ba. Idan buƙatar kawai a ga ko sabon haɗi yana tashi ne, ana iya ɗora ƙarfen a bushe a kunna na ɗan lokaci, a ga allon BIOS, wato shafin saiti da ke fitowa da an kunna kwamfuta, ya fito, a kashe. Aiki na sosai sai kirim ya zo.

Saura maganar tsufa. Kirim ba ya dawwama. Mansa yana bushewa a hankali, kuma duk lokacin da na'ura ta yi zafi ta huce, ƙarafan suna ɗan buɗewa su tsuke, wannan motsin yana tura kirim daga tsakiya zuwa gefe. Abin ya fi sauri a laftof da katin hoto, inda silikon ke tsirara kuma zafi ke hawa da sauka da ƙarfi. A kwamfutar tebur, kirim mai kyau yana shekaru yana aiki, kuma ban ga dalilin canza shi duk shekara ba. Idan zafi yana nan yadda yake tun farko, a bar kaza cikin gashinta. Idan ya fara hawa, a fara da duba ƙurar da ta toshe faranta da ko fanka tana juyawa yadda ya kamata, don su ne suka fi yawan laifi. Idan an share an gyara kuma zafin bai sauka ba, ko kuma an cire ƙarfen saboda kowane irin dalili, to lokacin gogewa da sa sabon kirim ya yi.